Bashin Yunwa

A idon Bahaushe, rama da ƙiba garuruwa biyu ne masu nisa da juna. Idan amarya ta cika ta yi ɓul-ɓul, sai a ce gidan miji ya karɓe ta. Idan magidanci ya ajiye teɓa, sai a ce naira ta zauna. Ramamme kuwa ba a yi masa tambaya, kallo ɗaya ya isa a san rumbu ya yi ƙasa. Shekara 14 ke nan ina aikin jinya a wani asibiti a ƙasar Katsina, kuma aikin ya raba mini yini gida biyu: da hantsi ina ɗakin yara masu tamowa, bayan azahar ina wurin manya masu ciwon sukari da hawan jini. Abin da na gani tsakanin ɗakunan nan shi ne, garuruwan biyu ganuwa ɗaya ce ta kewaye su, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne yake kwana a wannan da ƙuruciya, ya wayi gari a wancan da girma.

A ɗakin safe, babban kayan aikinmu wani siririn ma'auni ne mai launi uku, kore da ɗorawa da ja, wanda muke zagayawa a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan ya tsaya ƙasa da santimita 11 da rabi, ja ke nan, damtsen bai fi kaurin rake ba. Tamowa fuska biyu gare ta. Akwai yaron da ya bushe, fata ta manne wa ƙashi, fuska ta koma ta tsoho. Akwai kuma wanda ya kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, har uwa ta zaci ƙiba ce. Sai an danna bayan ƙafarsa da babban yatsa, a ɗaga, a ga rami ya zauna. Wannan ta biyun wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, ta bayyana ta a rubuce a 1933 lokacin da take aiki a Akara, daga baya ta kira ta da sunan da mutanen Ga suka ba ta, kwashiyoko, wato ciwon yaron da aka cire daga nono saboda ƙani yana tafe. Iyayenmu mata ba su jira likita ba kafin su lura da haka. Kwanika suke cewa an yi, yaron kuma ya sha ciki.

A wannan fage bincike ya yi abin a yaba. A da, sai an kwantar da yaro kusan wata guda ana dama masa madara ta musamman, uwa ta bar gona da sauran 'ya'ya, gadaje kuma ba sa isa. A 1996 wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, tare da wani masanin sarrafa abinci, suka haɗa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, suka ɗura a 'yar leda mai nauyin giram 92, mai ɗauke da kalori 500. Da yake babu ruwa a cikinta, ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin yaɗuwa, kuma uwa tana iya ba yaro a ɗakinta. Babban gwajinta a maƙwabtanmu aka yi shi. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta Na-Gari-Na-Kowa ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, mafi yawa a yankin Maraɗi, kuma akasarinsu a gidajensu suka warke. Nakan yi murmushi mai ɗaci idan na yage bakin ledar nan ƙamshin gyaɗa ya bugi hancina, na tuna ƙasar da ta taɓa tara dalar gyaɗa a Kano ita ce take jiran a dawo mata da ita a matsayin magani. Duk da haka, na ga yaran da aka kawo ko kuka ba sa iyawa, bayan mako 6 ko 8 suna rarrafe suna jan zanen iyayensu.

Muna sallamar yaro, mu rubuta cewa ya warke. To amma yunwa mai ba da bashi ce, kuma ba ta gaggawar karɓa. Goggona, autar su mahaifina, ita ta sa na fara bin diddigin wannan bashi. An haife ta a 1974, a ƙarshen babban farin da ya cinye dabbobi daga Senegal har Chadi. Kakata takan ba mu labarin cikin nan: dusa da tafasa da yaɗiya ta ci, mata kuma suna haƙa gidan tururuwa suna kwashe 'yan ƙwayoyin hatsi. Jaririyar ta zo ƙarama ƙwarai, har ba a yi zaton za ta ga ranar suna ba. Ta rayu, ta yi aure a Kano, ta kama sana'ar atamfa, Allah ya buɗa mata. Gajeriya ce, kuma duk ƙibarta a ciki ta taru. Tana da shekara 41 aka ce tana da ciwon sukari, hawan jini ya biyo baya. Ranar da na kai mata na'urar gwajin jini, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ni da aka haifa a shekarar fari, ban san ɗanɗanon sukari ba sai da na yi wayo, ina ni ina ciwon masu kuɗi?" Na ce, "Goggo, ai farin nan ne ya biyo ki birni."

Ba da ka na faɗi haka ba. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan, har rabon mutum ya faɗi ƙasa da kalori 1,000 a yini, mutane kimanin 20,000 suka mutu. Da yake ƙasa ce mai ajiye takardu, an iya bin 'ya'yan da suke ciki a watannin nan. Binciken da aka buga a 1976 kan samari kusan 300,000 da aka auna domin aikin soja ya nuna cewa waɗanda yunwar ta same su a farkon ciki sun fi sa'o'insu yawan ƙiba. A Ingila, David Barker ya tono tsofaffin littattafan unguwarzoma na Hertfordshire, ya nuna a 1989 cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya. A nan gida ma akwai shaida. A 2010 aka buga sakamakon gwajin mutane sama da 1,300 a kasuwannin Inugu, inda aka ga waɗanda yunwar yaƙin basasa ta same su a ciki ko a goye sun fi yawan hawan jini da hauhawar sukari da ƙiba a kan waɗanda aka haifa bayan yaƙin.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa riƙe gida a shekarar ƙaranci. Idan abinci ya yi wa ɗan tayi kaɗan, sai ya yi abin da uwargida mai hankali take yi: ya fifita ƙwaƙwalwa, ya rage wa sauran. Tsoka ba ta cika ba, matatun ƙoda sukan zo da ƙarancin adadi, gaɓar da ke samar da insulin ma ba ta samun cikakken rabonta. Jikin ya shirya wa duniyar da babu, ya koyi ɓoye duk abin da ya samu. Sai ga shi a birni, gaban farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba, ga babur a ƙofar gida, babu daka babu zuwa rijiya. Ƙaramin rumbu ne aka juye wa amfanin babbar gona.

Yadda jiki yake riƙe wannan tuni ya fi komai ba ni mamaki. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san baƙi daban, wasali daban. Baƙaƙe suna nan yadda suke, amma idan wasali ya sauya, karatu ya sauya. Ƙwayoyin gado da muka karɓa daga iyaye su ne baƙaƙen. A kansu akwai wasu alamomi na sinadari da suke nuna wa jiki wace zai karanta da ƙarfi, wace zai yi shiru a kanta, kuma abincin uwa yana cikin masu ɗora alamomin. A 2008 aka gano irin wannan bambanci a jinin mutanen Holan ɗin nan, shekara 60 bayan yunwar, idan aka gwada su da 'yan uwansu na ciki ɗaya. A ƙauyukan Keneba na Gambiya, inda damina take zuwa da ƙarancin hatsi da yawan aiki kamar yadda marka take yi mana, masu bincike sun nuna a 2014 cewa alamomin jariri sun danganta da lokacin da aka ɗauki cikinsa, damina ko rani.

Baƙaƙen ma kansu ba ɗaya ba ne, kuma shaidar tana cikin ƙwaryar nono. Yawancin 'yan Adam, da zarar an yaye su, jikinsu yakan rage sinadarin da ke narkar da sukarin madara, shi ya sa wani yana shan ɗanyar madara ciki zai ɗau ƙugi. Fulani da yawa kuwa suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gado da ke barin sinadarin yana aiki har tsufa, irin sauyin da ake samu a mutanen Turai, yayin da makiyayan gabashin Afirka kamar Masai suke da nasu na daban. Dubban shekaru na bin saniya ne suka rubuta wannan a jini. Sauranmu kuma kakanni sun nema mana mafita: idan madara ta kwana ta zama nono ko kindirmo, tsamin yakan cinye wani kaso na sukarin, fura ta shiga lafiya. Haka ƙiba ma take da nata rabon gado. A 2007 aka gano wata ƙwaya mai suna FTO, wadda masu ɗauke da wani nau'inta daga uwa da uba sukan fi wasu nauyi da kimanin kilo 3. Kilo 3 ba hukunci ba ne. Sai dai ya isa ya hana mu yi wa mai ƙiba dariya ko mu kira shi mai haɗama, alhali ba mu san da me ya zo duniya ba. Abin takaici, akasarin irin wannan bincike a kan Turawa aka yi shi, duk da cewa babu nahiyar da ta kai Afirka bambancin ƙwayoyin gado.

Idan yunwa tana ba da bashi tun daga ciki, to wurin hana shi ma can ne. Masana suna maganar kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara 2. Ni kuwa a wurin rabon tuwon dare nake ganin kwanakin nan. A gidajenmu da yawa, kwanon maigida ake fara zubawa, tsoka ta bi shi, sai samari, sai yara, mai ciki kuma ta kankare tukunya ta ce ta ƙoshi, saboda kunya da kara. Ana hana yaro ƙwai wai kada ya yi sata, a kai ƙwan kasuwa a sayo masa biskit. Ana aurar da yarinya jikinta bai gama ginuwa ba, ita da ɗan cikinta su riƙa rabon abin da bai ishi mutum ɗaya ba. Alhali wake da gyaɗa da zogale da kuka da gero da nono duk a bayan ɗaki suke, ba sai jirgi ya kawo su ba.

Goggo tana shan maganinta, ta koma tuwon dawa da miyar ganye, tana taka ƙafa zuwa kasuwa. Abin da farin 1974 ya rubuta a jikinta ba zai goge ba, sai dai a lallaɓa shi. Amma a kowace unguwa a daren yau akwai yarinya mai ƙaramin ciki da ko surukarta ba ta sani ba tukuna, kuma abin da aka zuba mata a kwano yana cikin abin da zai yanke ko ɗanta zai zo wurina da hantsi yana ɗan shekara ɗaya, ko bayan azahar yana ɗan shekara 40, ko kuma ba zai zo ba sam. A fara zuba mata, a sa mata tsoka.