Katakon da Auta Ya Ƙi Takawa

A ƙofar gidanmu da ke Nima, nan Ankara, akwai kwata wadda faɗinta bai kai taku biyu na babban mutum ba. Tun kafin a haife ni aka ɗora mata katako, kuma ta kansa kowa ke shiga da fita: masu tallar koko, 'yan makarantar allo, har Kakarmu da sandarta. Mutum ɗaya ne katakon nan ya gagara, shi ne ƙanena, wanda har yau Auta muke kiransa.

Duk safiya idan na riƙo hannunsa za mu makaranta, da mun iso bakin kwatar sai ya ƙame. Ya sunkuya, ya karkatar da kai, ya dubi katakon ta gefen ido, ya miƙa ƙafa ɗaya yana lalube kamar mai gwada zurfin kogi, sannan ya janye ta. In na matsa masa sai ya toshe kunnuwa ya fashe da kuka. Na girme shi da shekara goma sha ɗaya, ga gaggawar samartaka, don haka sau da yawa sungumarsa nake yi in dire shi a tsallake. Akwai ranakun da na mare shi. Ba zan ɓoye wannan ba, domin shi ne dalilin wannan rubutu.

Ba kwatar kaɗai ba ce. Saukowa daga trotro sai ya zauna a bakin ƙofa ya zuro ƙafafu, kwandasta na ta faɗa. Matakalar masallaci da ja da gindi yake sauko ta. In ya zo zuba ruwa a kofi, rabi a ƙasa yake ƙarewa. In aka jefo masa ƙwallo, sai ta bugi ƙirjinsa sannan ya ɗaga hannu. Inuwar turken lantarki da ta gitta hanya ma sai ya kewaye ta.

Kowa a gidan da fassararsa. Kaka ta ce iska ce, ai kwata da bola matattarar mutanen ɓoye ce, yaron yana ganin abin da ba mu gani. Aka yi rubutun sha, aka yi turare. Maƙwabta suka ce sangarta ce irin ta 'yan auta. Baba, wanda dillalin shanu ne a kasuwar Turaku da ke Ashaiman, ya ce taurin kai ne kawai, zai bari. Inna ce ba ta ce komai ba, sai dai ta goya shi ta tsallakar, har ya yi girman da ƙafafunsa ke taɓo gwiwoyinta.

Yana da shekara takwas wata likitar yara ta gaya mana sunan abin: otizim, larurar da gidajen rediyon Hausa kan kira galahanga. Ta ce ba hauka ba ce, ba kuma laifin tarbiyya ba; ƙwaƙwalwarsa ce ke sarrafa magana da hulɗa da abubuwan da gaɓoɓi ke ji ta wata hanya daban. Likita Leo Kanner na Amurka ya bayyana ta tun 1943, bayan ya nazarci yara 11. Amma sai a 2013 babban kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya sanya bambancin yadda suke jin ƙara da haske da taɓi cikin alamomin da ake gane larurar da su. Wato su kansu masana sun daɗe suna kallon halin yaran, ba su tambayi yadda duniya ke iso musu ba. Daga nan ta tura mu sashen ido, abin da bai taɓa faɗo wa kowa a rai ba, tunda yaron yana iya tsinto allura a tsakar gida.

A can na koyi cewa kaifin gani daban, gane nisa da zurfi daban. Tsakanin idanun mutum biyu akwai tazarar kimanin santimita 6, don haka kowane ido da ɗan bambancin hoton da yake ɗauka. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa hotunan biyu, daga bambancinsu ta auna abin da ke kusa da wanda ke nesa. Jariri kan fara samun wannan baiwa yana da wata uku zuwa biyar. Mai karatu, gwada da kanka: rufe ido ɗaya, ka riƙe alƙalami a kowane hannu, ka yi ƙoƙarin haɗa tsininsu. Idan ido ɗaya ya karkace, abin da muke kira harara-garke, ƙwaƙwalwa kan yi watsi da hotonsa, idon ya yi rauni, awon zurfi ya raunana. Bincike ya nuna karkacewar ido da buƙatar tabarau sun fi yawa a tsakanin yara masu otizim fiye da sauran yara. Wasu kuma idanunsu lafiya lau, amma ƙyalli da zane-zanen daɓe da inuwa kan rikita musu gani. Ba dukkansu ke fama da haka ba. Auta dai ya haɗa biyun: idonsa na hagu yana ɗan karkacewa ciki, kaɗan ƙwarai har ba mu lura ba, ga kuma ƙyalli da ke gigita shi. Aka ba shi tabarau. Likitan ya ce da mun zo tun kafin ya kai shekara bakwai, da raunin idon ya fi saurin gyaruwa.

Baba bai gamsu ba. Abin da ya karya masa gardama daga sana'arsa ya fito. Wani dare ina ba shi labarin Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a jami'ar jihar Colorado, wadda ita ma tana da otizim. Ta yi suna ne saboda takan shiga hanyar da ake kora shanu ta duba abin da suke gani. Ta gano cewa saniya tana gani kusan ko'ina a kewayenta, amma ba ta iya auna zurfin abin da ke gaban ƙafarta sai ta tsaya ta sunkuyar da kai. Shi ya sa inuwa, ko murfin magudana, ko ƙyallin ruwa a ƙasa kan tsayar da garke guda.

Baba ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ba sai Baturiya ta gaya mini ba. In sa ya toge a bakin mota, wawa ne ke dukansa. Sai ka bar shi ya sunkuya ya duba, ko ka watsa ƙasa a kan katakon, zai hau da kansa."

Yana rufe baki sai ya yi shiru. Ya daɗe yana kallon tabarmar da Auta ke barci a kai. Can ya ce, "Innalillahi. Shekara talatin ina yi wa dabba uzuri."

Kashegari ya kirawo kafinta. Aka cire tsohon katakon, aka shimfiɗa guda uku a jere ba tare da tsaga a tsakani ba, aka kafa abin dafawa a gefe, aka shafa rawayan fenti a bakinsa na nan da na can. Inna ta shimfiɗa tabarma a kan tayil ɗin zaure mai sheƙi. Ni kuma na koyi ƙirga masa matakala da baki, in tsaya a gabansa in jira, ba in ja shi ba. Ba a rana ɗaya ya haye ba. Sai da ya yi kusan wata biyu yana dafawa yana komawa.

Yanzu Auta saurayi ne, yana taya wani tela aiki, kuma babu mai kama shi wajen gano zaren da ya kauce. Har yanzu ba ya son matakalar nan mai tafiya da kanta ta manyan kantuna, kuma ba mu tilasta masa. Ba mai yawan magana ba ne, amma kwanan baya na tambaye shi abin da yake gani a tsohon katakon nan. Ya yi jim, ya ce, "Yaya, katakon da ruwan duk wuri ɗaya suke. Ban san inda ƙasa take ba." Na roƙe shi gafarar marukan da na yi masa. Ya ce ya manta. Ni ban manta ba.

Ashe Kaka ta kusa gaskiya: yaron yana ganin abin da ba mu gani, sai dai ba aljanu ba ne. 'Yan'uwana mazauna zango, a lungunanmu masu kwatoci da katakai da matakalai marasa abin dafawa, akwai irin Auta da yawa. In kun ga yaro yana togewa a bakin mataki, yana kallo ta gefen ido, yana yawan tuntuɓe, a yi masa addu'a, a kuma kai shi a duba idonsa tun yana ƙarami, ko da ba ya magana, domin likitoci na da hanyar auna ganin wanda ba ya iya karanta haruffa. Kafin a ɗaga masa hannu, a durƙusa daidai tsayinsa a dubi abin da yake duba. Allah Ya ba mu haƙurin riƙon amanar da Ya danƙa mana.