Rabin Awa a Wani Gida na Manningham

Unguwar Manningham tana kan tudu, arewa da tsakiyar birnin Bradford a Ingila. Gidajenta na dutse ne, jere reras, bango ɗaya ya haɗa kowa da maƙwabcinsa, hayaƙin masaƙun da suka daɗe da rufewa ya rina su baƙi-baƙi. Ta ko'ina kana hango dogon bututun masaƙar Lister, wadda aka gina a 1873. Da yawa daga cikin tsofaffin unguwar 'yan asalin Pakistan ne da suka zo aikin saƙa da ƙuruciyarsu. Yau ƙarfi ya ƙare, 'ya'ya suna wurin aiki, sai kamfani ya turo mai kula har gida.

Tun daga waje ake gane gidan da ake jinya. A gefen ƙofa za ka ga ɗan akwatin ƙarfe manne da bango, mai lambobin sirri, makullin gidan na ciki. Duk wanda ya san lambar ya mallaki hanyar shiga kan tsohuwar da ba ta iya tashi. Nan amanar take farawa.

Na shiga ɗaya daga cikin gidajen da izinin 'yar gidan, maƙwabciyar masu masaukina. Mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, an sauko da gadonta falo domin matakala ta gagare ta. Mata biyu suka iso da sassafe, ɗaya 'yar Zariya ce. Suka wanke hannu, suka sa safar roba, suka jawo injin ɗaga majinyaci, wanda ƙa'idar kamfaninsu ta hana mutum ɗaya ya taɓa shi. Kafin su kai hannu jikinta sai da suka gaya mata abin da za su yi, suka jira ta gyaɗa kai. Da za a fara wanka aka ja labule, ni kuma aka nuna mini hanyar kicin, abin da ya ƙara mini ganin girmansu.

Bayan an gama na ga takardar magani: kowace ƙwaya da layinta, da lokacinta, da sa hannun wadda ta bayar. In tsohuwa ta ƙi sha, shi ma a rubuta. 'Yar Zariyar ta ce kullum sai ta duba diddige da ƙugu da gadon baya, saboda gyambon kwanciya daga ɗan ja-ja-ja yake somawa. Alwala ma tana cikin takardar tsarin kula, amma sai da 'yar gidan ta nace aka sa.

Dokoki dai akwai su. Kowane kamfani sai ya yi rajista da hukumar sa ido ta CQC, wadda ta fara aiki a 2009, take kuma ba da maki hawa huɗu, daga mafi inganci zuwa wanda ya gaza. Ana bincika tarihin ma'aikaci ko ya taɓa aikata laifi. Dokar kula ta 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma bin diddigin duk zargin cin zali ko sakaci. Sai dai binciken da Dakta Penny Dash ta gabatar a 2024 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da CQC ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su maki ba.

Abin da ya fi damuna shi ne agogo. Tun 2015 hukumar tsara ƙa'idojin lafiya ta NICE ta ce kada ziyarar mai kula ta gaza rabin awa sai da dalili na musamman. To amma wanka, sutura, karin kumallo, magani, rubutu, duk cikin minti talatin? Wayar hannu tana lissafa shigarsu da fitarsu, wani tsoho kuma yana jira a can ƙasan tudu. "Yaya, abin da ke fara faɗuwa shi ne hira," in ji 'yar Zariyar, tana ɗaure takalmi. "A hira kuwa nake gane ko Anti ba ta da lafiya." Ta taɓa lura tsohuwar tana ruɗa sunayen jikokinta, ta kira likita, aka samu ciwon mafitsara ne. Da baƙuwar fuska ce, da ta ɗauka tsufa ne kawai.

Ita kanta ma'aikaciyar tana da nata tsoron. Ta zo ne da bizar masu kula da aka buɗe a Fabrairun 2022, aka rufe wa sababbin masu zuwa daga waje a Yulin 2025. Bizar a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauke ta. Wadda zamanta a ƙasa ke hannun maigidanta, da wane baki za ta kai ƙara in an turo ta ita kaɗai aikin mutum biyu? Lafiyar tsohuwar nan ta rataya a kan wannan bakin.

'Yar gidan ta sauya kamfani a bara, ba don an yi wa uwarta wani mugun abu ba, sai don fuskoki sun yi yawa. Yanzu duk ƙarshen mako ana turo mata sunayen waɗanda za su zo, in ta ga baƙon suna ta buga waya ta ce sai an haɗo shi da wadda ta san gidan.