Sabarar Ɗanzomo da dafin kububuwa

Wanda ya tashi daga Gumel ya nufi Ɗanzomo da rani, sabara ce za ta cika masa ido. An daɗe da girbe gero, ƙasa ta koma rairayi, amma ita tana nan tsugune a gonaki da ganyenta mai ruwan toka, haka har Maigatari inda ake tsallakawa Nijar. Mu da muka zo daga Zariya mun fi saninta a takarda da kwalaben ɗakin bincike. A nan kuwa makamashi ce, shinge ce, maganin gida ce. Ana dafa wa maijego ganyenta, ana ba mai gudawa da mai tari. Tun 1916 likita Dalziel ya sa sunanta a littafinsa na sunayen itatuwan ƙasar Hausa, masana kuma suna kiranta Guiera senegalensis.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen maciji. A hirar da muka yi da dattawa, sabara na cikin abin da suka ambata idan an yi batun sara. Maganarsu tana da tushe. A shekarar 2000 masu binciken magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello sun wallafa wani gwaji: sun tatso ruwan ganyenta, suka cakuɗa shi da dafin kububuwa da na gamsheƙa, sannan suka yi wa ɓeraye allura, sai suka ga ƙarfin dafin ya ragu.

To amma a lura da yadda aka yi. A kwalba aka haɗa dafin da maganin kafin su shiga jiki. Manomin da kububuwa ta sara a kunyar gero, dafi ya riga ya shiga jininsa, kuma aikin wannan dafi shi ne hana jini daskarewa. Mutum na iya tashi ya yi tafiyarsa yana cewa da sauƙi, daga baya jini ya ɓarke ta dasashi da fitsari. Wannan jinkirin ne ke kisa. Har yau abin da aka tabbatar yana ceton irin wannan rai shi ne allurar karya dafi, kamar EchiTAb da ake yi da dafin macizan Nijeriya, wadda asibitin Kaltungo a Gombe ya shahara da amfani da ita. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Ban ga laifin wanda ya fara da sabara ba, alhali ita ce a ƙofar gida, asibiti kuma sai an nemi babur da kuɗi. Takaicina shi ne gwajin bai kai inda zai amfani mutumin Ɗanzomo ba. Wane sinadari ne a ganyen ke kama dafin? Yana aiki bayan sara? Nawa za a sha, nawa ne zai taɓa hanta? Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa duk a jiha ɗaya suke da Ɗanzomo, kuma ganyen da za su gwada yana nan a gonakin garin, ana sare shi duk shekara lokacin sharar gona.