Tsayawa Ta Fi Gudu Wuya

Kamfanonin da ke ƙera motocin alfarma suna da wata al'ada da ban san da ita ba sai da furfura ta gama cin kaina. Sukan keɓe fili, su malala masa kwalta, su jera motocinsu, sannan su gayyaci wanda ya saya, ko mai niyyar saye, ko mai sha'awar da zai iya biya, ya zo ya tuƙa su iya ƙarfinsu da malami zaune a gefensa. Mercedes na da irin wannan wuri a Brooklands, kudu maso yammacin Landan, a kan tsohon filin tseren da aka buɗe tun 1907. Na Porsche kuwa yana Silverstone, wurin da a da filin jiragen yaƙi ne, daga baya aka yi tseren farko na gasar Formula 1 ta duniya a cikinsa a 1950. Kamfanin ya buɗe cibiyarsa a gefen filin a 2008. Can ɗana ya kai ni lokacin da na je ganin jikoki a Ingila. Ya ce, "Baba, kai da ka ƙarar da ƙuruciyarka a bayan sitiyari, bai kamata ka koma gida ba ka taɓa waɗannan ba."

Na koyi mota tun Najeriya na bin hannun hagu, kafin a juya mu zuwa dama a watan Afrilun 1972. Saboda haka da na shiga motar na tarar da sitiyari a dama, ban ji baƙunta ba, sai ma na ji kamar an maido mini da wani abu nawa da na ajiye tuntuni. Malamin da aka haɗa ni da shi saurayi ne, bai kai ɗana shekaru ba, kuma tun kafin a tayar da inji ya samu girmamawata. Bai ce komai a kan ƙarfin motar ba. Kujera ya fara gyara mini. Ya sa na taka birki har ƙasa, ya duba ko gwiwata na da sauran lanƙwasa. Ya sa na miƙa hannu, ya ga ko wuyan hannuna na iya sauka a saman sitiyari ba tare da kafaɗata ta bar kujera ba. Sai da ya gamsu da zamana, ya duba bel ɗina, sannan muka motsa.

Abu na farko da ya sa ni yi da motar shi ne tsayawa. Muka hau wata miƙaƙƙiyar hanya, ya ce in ɗauki gudu, in ya ce "yanzu" in danne birki da dukkan ƙarfina, kada in ɗaga ƙafa ko da na ji abin takawar yana karkarwa. Na danne. Bel ya sarƙe mini ƙirji, motar ta dafe ƙasa ta tsaya cak, ba ƙarar taya mai tsawo, ba karkacewa, a wurin da idona ya ƙiyasta cewa da sauran tafiya.

Mu a zamaninmu ba haka aka koya mana ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan ce birki a ruwan sama famfo ake yi masa: ka taka, ka saki, ka taka, ka saki. Kuma yana da gaskiya, domin in taya ta ƙame ta daina juyawa, sitiyari ya zama ado, duk inda ka murɗa shi mota gaba take sulalewa. To wannan taka-sakin shi ne aikin da na'urar ABS ta karɓe daga ƙafar direba. Mercedes da kamfanin Bosch suka fito da ita a manyan motocinsu na S-Class a 1978. Kowace taya tana da ɗan ma'auninta. Da zarar ta fara ƙamewa sai na'urar ta sassauta mata, ta sake damƙewa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, abin da ƙafar ɗan Adam ba za ta taɓa iyawa ba. Wanda ya yi wa irin wannan mota famfo, kwance wa na'urar aiki yake yi. Na daɗe ina juya wannan a raina. Ilimin maigidana ya tsare rayuka masu yawa a lokacinsa, motar ce ta sauya a ƙarƙashin ilimin. Tun daga ranar, in yaro ya zo neman shawarata a kan tuƙi, nakan fara tambayarsa wace irin mota yake ja kafin in buɗe masa abin da na sani.

Akwai kuma lissafin da malamin ya nanata, wanda babu ruwansa da tsadar mota. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wato daga lokacin da idonka ya ga saniya a kan titi zuwa lokacin da ƙafarka ta sauka a kan birki, ka riga ka cinye wannan nisan ko fiye. Sannan in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata ya ninku sau huɗu. Duk injiniyoyin Jamus ba su iya soke wannan ba, rage masa kaifi kawai suka yi.

Sai muka shiga kwatanta motocin Porsche ɗin, abin da ya tara jama'a ke nan. Na fara da Cayman, ƙarama mai kujera biyu, injinta a tsakiya, daf da bayan direba. Nauyinta a tattare yake a ciki, shi ya sa in ka nufi kwana da ita ba ta musu. Abin da ka ce shi take yi, kuma tana gaya maka ta tafin hannunka yadda tayoyin gaba ke riƙe da ƙasa.

911 wata halitta ce daban, kuma ita ce na fi daɗewa ina tunaninta. A 1963 aka fara nuna ta a bajekolin motoci na Frankfurt da suna 901, sai Peugeot ta ce lambobi uku masu sifili a tsakiya nata ne, aka mayar da ita 911. Peugeot ɗin nan dai da muka sani, mai 404 da 504, wadda aka fara harhaɗa motocinta a Kaduna a 1975. Injin 911 a can ƙarshen baya yake, bayan tayoyin baya ma, kamar na tsohuwar Volkswagen Beetle wadda Ferdinand Porsche ya zana. Kusan kashi shida cikin goma na nauyinta a baya yake. Da malamin ke bayanin yadda take, na gane zancen tun bai gama ba, domin na taɓa jan a-kori-kura da aka labta wa buhuna har suka zarce tayar baya. Gaba yakan yi sakayau, baya ya yi nauyi, in ka shiga kwana da gaggawa sannan ka saki totur a tsakiya, bayan ya nemi ya riga gaban fita. Maganinsa ɗaya ne a motocin biyu: ka gama rage gudu tun kana kan miƙe, ka shiga kwana a natse, in ka hango mafita ka ba ta wuta. A nan ne nauyin bayan ke zama alheri, ya danne tayoyin, motar ta fita kamar an harba ta. Abin da ya burge ni shi ne kamfanin bai gudu daga wannan ƙira ba. Shekara da shekaru suna gyara ta, suna faɗaɗa tayar baya, suna daidaita ƙafafun, har abin da ake ganin aibi ne ya zama abin da ake sayen motar dominsa. Na san mutane masu irin wannan hali, waɗanda suka zauna da abin da Allah ya ba su suka yi ta sarrafa shi har ya yi musu rana.

Taycan mai lantarki, wadda ta fito a 2019, ita ce ta fi ba ni mamaki, amma ba ta shiga raina ba. Babu ƙugin inji, babu jiran komai, kana taɓa totur tana manna ka da kujera. Baturinta a shimfiɗe yake a ƙasan motar, shi ya sa take zaune daram a kwana. Sai dai ta haura tan biyu, alhali 911 wajen tan ɗaya da rabi take, kuma wannan bambancin yakan fito lokacin tsayawa. Abin da ya dame ni da ita shi ne shirunta. Direba irina da kunne yake sanin gudunsa. A cikinta sai ka dubi allo kafin ka san ka yi nisa. Da za a ce in zaɓi ɗaya, Cayman zan ɗauka, ko da yake ita ce mafi araha a cikinsu, saboda ba ta ɓoye mini komai.

Wurin da na fi ƙaruwa kuwa, a gudun cikin unguwa aka yi shi. Akwai wani faifan ƙarfe da aka binne daidai da kwalta, bayansa fili ne mai santsi da ruwa ke ta kwarara a kai. Tayoyin gaba sukan wuce lafiya, na baya na hawa sai faifan ya fizge su gefe, hagu ko dama, ba ka san wanne ba. Kusan kowa sai motar ta juya da shi a karon farko, kuma ba abin da zai same shi, don babu rami, babu bishiya, babu mai tahowa. Malamin bai yi maganar hannuna ba. Cewa ya yi, "Yallabai, idonka. Inda kake son zuwa za ka kalla, hannu zai bi." Da na kafa ido a ƙarshen filin, sai na ji hannuwana sun murɗa sitiyari zuwa inda bayan ya zame, sun kuma dawo da shi a kan lokaci. Nan take na tuna haɗurran da na sha tsayawa a kansu a hanya: fili fetal hagu da dama, bishiya ƙwaya ɗaya tak, kuma ita motar ta je ta runguma. Mukan ce tsautsayi, kuma tsautsayin ne, amma yanzu na san sababinsa. Mai firgici abin da yake tsoro yake kallo, mota kuwa inda ido ya tafi take bi.

Daga nan ya nuna mini aikin na'urar da ke hana mota zamewa, wadda Mercedes da Bosch suka fara sa wa mota a 1995, kuma Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan duk sabuwar mota daga 2014. Tana auna inda sitiyari ya nufa da inda motar take tafiya a zahiri, in suka saɓa sai ta kama birkin taya guda ta maido da ita. Ya kashe ta muka bi ta kan santsin, ya kunna muka sake bi, bambancin kamar dare da rana. Na yi wa masu ƙirar addu'ar alheri, amma na fito da wata damuwa. Na'urar tana gyara kuskure a ɓoye, alamarta ɗan haske ne da ke ƙiftawa a allo. Yaron da bai san ma'anar hasken ba zai ɗauka shi ne gwani, ya ƙara wuta, har ranar da zai kai inda taya ba ta da sauran abin kamawa. Duk mota, komai tsadarta, abin da ke haɗa ta da ƙasa wuri huɗu ne, kowanne bai wuce tafin hannu ba.

Na san talla ce, kamfani ba ya shimfiɗa irin wannan fili don Allah. Amma talla ce da ke tura mai saye gida da sanin iyakarsa da ta motarsa, kuma wannan ya isa a yaba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne namu yaran. Motoci masu ƙarfin gaske suna shigo mana, sababbi da 'yan Kwatano, su faɗa hannun samarin da ba su taɓa jin yadda mota ke zamewa ba. Jinin ƙuruciya yana son gudu, ni ma na yi ƙuruciya, ba na zarginsu da wannan. Sai dai ba su da wurin gwadawa in ban da titin gari ranar ɗaukar amarya, tsakanin masu babur da yara 'yan kallo. Na halarci jana'izar da aka yi washegarin biki, kuma ba na fatan in sake. An kafa hukumar kiyaye haɗurra tun 1988, an ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a babbar hanya, amma doka tana hani ne kawai, ba ta zaunar da kai a gefen malami ka ji da jikinka. Fili mai shinge, tankar ruwa, tsofaffin motoci kaɗan da malamai masu haƙuri, ba abin da ya fi ƙarfin gwamnatin jiha ko ƙungiyar direbobi ba ne. Da ni ake tambaya, direbobin haya zan fara kaiwa, su da ke ɗauke da rayuka goma sha a bayansu kullum.

Kafin a samu wannan, akwai abin da kowa zai iya yi a bakin kasuwar motoci. Kwanan baya ɗan ƙanena ya zo zai sayi mota ta hannu, yana ta ba ni labarin ƙarfin injinta. Na ce masa, "Ɗana, ka murɗa makulli tukuna, kada ka tayar." Fitilar ABS ya kamata ta kama tare da sauran fitilun allo, sannan ta mutu bayan ɗan lokaci. In ta ƙi mutuwa, na'urar na da matsala. In kuwa ba ta kama ba sam, ka bincika, don akwai masu cire ƙwan don su rufe laifi. Sannan na sa shi ya durƙusa ya karanta gefen kowace taya. Akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Zanen tayoyin duk da kyansa, amma biyu daga cikinsu sun haura shekara goma, robar ta bushe har ta fara tsatstsagewa a gindin zanen. Ya sayi motar, da sharaɗin a rage masa kuɗin taya huɗu, kuma daga kasuwar wurin mai taya muka wuce.