Ajin da Kaka da Jika Ke Zama Benci Ɗaya



A makarantarmu duk wanda kuke aji ɗaya da shi kusan sa'anka ne. In ma ya girme ka, bai wuce da shekara ɗaya ko biyu ba. To akwai wani irin aji a garin nan namu na Kano da ba haka yake ba. A cikinsa za ka ga mai furfura da wanda gemunsa bai fito ba suna kallon allo ɗaya. Wannan shi ne ajin masu neman satifiket na kwamfuta. Na zaɓi in yi rubutu a kansa a wannan makon domin maganar ta shafi gidanmu, kuma nan da 'yan shekaru za ta shafi kowannenmu.

Yayana yana zuwa wata cibiyar koyon kwamfuta ranar Asabar da Lahadi. A dogon hutun da ya wuce Umma ta ce in riƙa bin sa, ya fi zaman gida. Malamin wurin ya yarda in zauna a bencin baya. Da yake ni 'yar ƙungiyar 'yan jarida ce, sai na tafi da littafina da tambayoyi uku: shekarunka nawa, ina ka tsaya a karatu, kuma me kake so ka yi da satifiket ɗin? Tambayar babba shekarunsa ba tarbiyya ba ce, don haka sai da Malam ya nema mini izini. Na yi musu alkawarin ba zan rubuta sunan kowa ba.

Da farko bari in bayyana abin da ake nufi da satifiket ɗin, domin ba duka ne iri ɗaya ba. Akwai takardar da cibiya take bugawa da kanta, ta sa hatiminta, ta ba ka bayan wata uku ko shida. Akwai kuma ta manyan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasashen waje, wadda malaminka ba shi da ikon ba ka komai ƙaunar da yake yi maka. Ita wannan sai ka biya kuɗin jarrabawa, a duba katin shaidarka, ka zauna gaban kwamfuta ka amsa tambayoyi ana sa maka ido. A cikinsu akwai CompTIA A+, ta masu gyaran kwamfuta da taimaka wa ma'aikata idan na'ura ta ƙi aiki. Jarrabawa biyu ake ci kafin a same ta. Akwai CCNA ta kamfanin Cisco na Amurka, ta masu haɗa kwamfutoci su riƙa aika wa juna saƙo, kamar yadda ake yi a banki. Jarrabawarta awa biyu ce, kuɗinta dala 300. Dukansu biyu shekara 3 suke yi su mutu, sai an sabunta. Wannan ya ba ni mamaki, domin sakamakon WAEC na Baba yana cikin akwati tun kafin a haife ni, kuma har yau bai mutu ba. Malam ya ce na'urori ne suke canzawa da sauri, abin da ka sani bana yana iya tsufa kafin shekara uku.

Wanda ya fi kowa shekaru a ajin wani dattijo ne mai shekara 54. Kowa Baba yake ce masa, har da Malam. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, ya yi makarantar koyon kasuwanci a zamaninsu, kuma da keken rubutu ya fara aiki. Ya ce yana ji yana gani aka kwashe kekunan aka kawo kwamfuta, yaran da ya koya wa aiki suka koma su ne ake kira idan za a buga takarda. Yana koyon Word da Excel. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, shi kuma lokacinsa ya kusa. Burinsa ya buɗe shagon buga takardu da hoto a ƙofar gidansa. Ya ce mini, "'Yata, fansho ba ya riƙe gida, gara in tanadi abin yi tun ina da ƙarfi." Linzamin kwamfuta yana ba shi wahala, amma idan aka zo bugun rubutu babu mai kama shi, ko kallon madannai ba ya yi. Da na gan shi na yarda gemu ba ya hana ilimi.

Ta biyu wata Anti ce mai shekara 29, tana zuwa da goyo. Ta yi digiri a fannin kimiyyar sinadarai, ta yi bautar ƙasa, ta shekara huɗu tana kai takardun neman aiki ba a kira ta ba. Ta fara koyon nazarin alƙaluma ne a shirin 3MTT, wanda Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a 2023 a ƙarƙashin minista Bosun Tijani, da niyyar horar da mutum miliyan 3. Tana zuwa cibiyar ne saboda a gidanta babu wuta sosai, kuma kuɗin data ya yi mata yawa. Abin da take so shi ne aikin da za ta yi daga ɗakinta, a turo mata ta intanet ta yi ta mayar. Ta ce digirinta bai tashi a banza ba, domin lissafin da ta yi a jami'a shi ne yake sa take gane darasin da wuri.

Na uku saurayi ne mai shekara 25. Shi kimiyyar kwamfutar ma ya karanta, yana da babbar difloma. Na ce masa, "Yaya, kai da ka riga ka karanta, me ya dawo da kai?" Ya yi dariya ya ce yawancin karatunsu a allo aka yi shi, na'urar da ke raba hanyar sadarwa kuwa a hoto ya fi ganinta. Da ya je ganawar ɗaukar aiki sai aka tambaye shi ko yana da CCNA. Yanzu ita yake shiri, yana son aiki a banki ko kamfanin waya. Ya ce nan gaba yana son fannin tsaron intanet, amma babbar takardar wannan fannin, wato CISSP, ba a ba mutum ita sai ya yi shekara 5 yana aikin. Ke nan akwai satifiket ɗin da karatu kaɗai ba ya kai ka gare shi, sai shekaru sun taru.

Na huɗu shi ne ya fi burge ni. Shekararsa 22, mahaddacin Alƙur'ani ne, a tsangaya ya tashi, bokonsa bai wuce firamare ba. Turancin da ke jikin kwamfuta yana yi masa nauyi, amma abin da aka nuna masa sau ɗaya ya zauna ke nan. Takardar cibiyar kawai yake nema. Yana so ya riƙa buga wa makarantun Islamiyya tambayoyin jarrabawa da takardun sauka da Larabci, domin ya ce masu iya buga Larabci ba su da yawa a unguwarsu. Da daddare kuma yana zuwa makarantar yaƙi da jahilci don ya ƙara Turanci.

Na biyar shi ne Yayana, shekararsa 19. Ya gama sakandare, ya rubuta JAMB sau biyu bai samu gurbi ba. Ranakun mako yana koyon gyaran waya a kasuwar Farm Center. Yana so ya ci A+ domin ya tashi daga gyaran waya zuwa gyaran kwamfutocin ofis.

A nan ne maganar ta shigo gidanmu. Baba yana so Yaya ya bar komai ya zauna ya sake shirin JAMB. A ganinsa digiri shi ne mutunci, kuma a aikin gwamnati da shi ake ɗora mutum a mataki mai kyau. Umma kuma ta ce yaro ya shekara biyu yana jira, zama ba nasa ba ne, gara ya riƙe abin da zai ci abinci da shi. Wata rana har Baba ya tashi daga kan tabarma bai gama cin tuwonsa ba. Ni dai ban sa baki ba, amma na ji komai, kuma na ga Yaya ya kwana biyu ba ya walwala.

Kuma ba ra'ayi kaɗai ba ne, akwai kuɗi. Waɗannan jarrabawoyin da dala ake biyansu. Tun da dala ta haura naira 1,000, dala 300 ta wuce naira 300,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Na yi lissafi na ga kuɗin CCNA ya fi albashin wata huɗu na ƙaramin ma'aikaci. Idan kuma ka faɗi, kuɗin ya tafi, sai ka sake biya. Shi ya sa a ajin nan akwai waɗanda suka gama karatun tuntuni, amma ba su zauna jarrabawar ba. Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, kuɗi suka rasa.

Da na zauna na duba amsoshin da na rubuta, sai na ga kowa da ramin da yake son cikewa. Baba dattijo yana da gogewa, zamani ne ya wuce shi. Anti da Yaya mai difloma suna da takardun makaranta, aikin hannu ne ko shaidar da kamfani ke nema suka rasa. Malam mahaddaci yana da ƙwaƙwalwa, Turanci ya rasa. Yayana yana da hannu, takarda ya rasa. Ban ga ko mutum ɗaya da ya ce satifiket ya isar masa shi kaɗai ba. Waɗanda suka yi nisa a boko sun fi saurin gane darasi, waɗanda suka saba da aikin hannu sun fi saurin kwance na'ura su mayar. Don haka a ganina Baba yana da gaskiya, Umma ma tana da gaskiya.

Sai maganar mu yara. Shin mun yi ƙanƙanta? Akwai wata yarinya 'yar Pakistan mai suna Arfa Karim, wadda ta ci jarrabawar ƙwararru ta kamfanin Microsoft a 2004 tana da shekara 9, har aka gayyace ta Amurka ta gana da Bill Gates. Allah Ya yi mata rasuwa a 2012 tana da shekara 16. Ban kawo labarinta don in ce mu je mu matsa wa iyayenmu su nemo dala ba. Takardar da za ta mutu bayan shekara 3, idan na same ta yanzu, kafin in gama sakandare ta mutu. Abin da ya kamace mu yanzu shi ne harsashi.

Harsashin kuma yana cikin littattafanmu. Wata Asabar Malam ya rubuta 192.168.1.1 a allo, ya ce wannan adireshin na'ura ne. Ya ce kowane kashi daga cikin huɗun ba ya wuce 255. Ya tambayi dalili, aji ya yi shiru. Dalilin shi ne kwamfuta da 0 da 1 take ƙirga, kowane kashi kuma gurbi takwas ne. Idan ka ninka 2 da kanta har ta bayyana sau takwas za ka samu 256, wato daga 0 zuwa 255. Wannan shi ne lissafin tushe biyu da malamin lissafinmu ya koya mana, wanda wasunmu suke cewa ba shi da amfani. Na ga magidanta suna fama da shi suna share gumi. Haka ma Turanci, domin tambayoyin dogaye ne, wanda bai gane tambaya ba kuwa ba zai ba da amsa ba ko da ya san aikin.

Saboda haka ina da roƙo guda biyu. Na farko ga shugabar makarantarmu da ƙungiyar iyaye da malamai. Muna yin darasin kwamfuta, muna zana madannai da linzami a littafi, amma ɗakin kwamfuta ba kasafai ake buɗe shi ba, saboda rashin wuta da kuma na'urorin da suka lalace. Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB gaba ɗaya. Bai kamata ranar jarrabawa ta zama ranar da ɗaliba za ta fara taɓa linzami ba. Ko da kwamfuta biyar ne aka gyara, aka raba mu rukuni-rukuni, kowa zai samu minti goma a mako. Da babu gara ba daɗi.

Na biyu gare mu ɗalibai, musamman mu mata. A ajin nan Anti ce kaɗai mace, sai ni da nake bencin baya. Kada mu bar wa maza fannin nan. Idan akwai waya a gidanku, ki roƙi a ara miki ki koyi buga rubutu da neman ma'anar kalma, ba kallon bidiyo kaɗai ba. Idan kuma yayanku zai shiga wata cibiya, ku gaya masa ya fara tambaya: takardar wa za a ba ni, kwamfuta nawa ke aiki, kuma mutum nawa ne a kan kowace ɗaya? Wani abokin Yaya ya biya kuɗin wata uku a wani wuri, su shida a kan na'ura ɗaya, ya fito da takarda mai ado amma ko fayil bai iya adanawa ba.

A gidanmu dai an samu matsaya bayan Kawu ya shiga tsakani. Yaya zai sake rubuta JAMB kamar yadda Baba yake so, zai kuma ci gaba da zuwa cibiya. Ya shiga adashi da kuɗin gyaran waya, idan ya kwasa zai biya jarrabawar farko. Ni kuma idan na shiga babbar sakandare ajin kimiyya nake so, kuma na fara ba lissafi awa guda kullum bayan sallar Magariba.

Allah Ya ba Yayana sa'a, Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga wata ɗalibar aji biyu na ƙaramar sakandare, 'yar ƙungiyar 'yan jarida.