Kombin Baba, mai tsawon ɗan yatsa

1/ Ina da shekara 31, da gemuna, kuma ina tara motocin wasa na ƙarfe. Ku yi dariyarku ku gama, sannan ku karanta zaren nan. 🧵

2/ A Kebbe na tashi. Motarmu ta farko ta karan dawa ce, sai muka ci gaba zuwa ta gwangwanin madara, taya kuma silifa muke yankawa. Duk wadda na ƙera ƙirarta ɗaya: Kombi, irin ta Baba.

3/ Baba direba ne. Daga Kebbe ya yi lodi zuwa Tambuwal, in kasuwa ta yi kyau ya zarce Jega ko Sakkwato. Ina aji uku a firamare aka sayar da motar. Bai daɗe ba ya rasu. Ko hoton motar ba mu da shi.

4/ Na fara tara Matchbox da Hot Wheels daga 'yan gwanjo a Sakkwato. A nan na gane abin ilimi ne. Akwai awo: 1:64, akwai 1:87, wato an rage motar sau 87. Kombi a wannan awon ba ta wuce santimita 5 ba.

5/ Turawa na sayen 1:87 ne su jera gefen ƙaramin layin dogo da suke haɗawa a ɗaki. Mu ko, dogon gaske ma a Ƙauran Namoda ya tsaya. Sai na gina tashar Tambuwal da laka da kara, har da rumfar mai shayi.

6/ Bara wani abokina ya kawo min Kombi ta Schuco daga Jamus. Irin wadda kamfanin Westfalia ke sa wa gado da murhu, iyali su tafi yawon hutu su kwana ciki.

7/ Na kai gida da Sallah. Inna dama kullum faɗa take: "Mi kaka yi da kayan yara? Tara kuɗɗi ka yi aure."

8/ Na ɗora mata a tafin hannu. Ta daɗe tana juya ta. Ta ce, "Wagga ai motar Malam ta." Na ce wannan har gado gare ta. Ta ce, "Shi bisa kujera yaka kwana, in lodi bai cika ba."

9/ Ban taɓa sani ba. Ni dai na san yana dawowa da burodi. Ashe dararen da ba ya gida, a tasha yake naɗe cikin sanyin hunturu, yana jiran fasinja.

10/ Inna ba ta mayar min ba. Tana cikin kabad ɗinta, tsakanin kwanonin aurenta. Tashata ta laka na nan ba Kombi, kuma ban nemi wata ba.

11/ Allah Ya jiƙan iyayenmu. Duk mai tsohon hoton tashar Tambuwal ko ta Kebbe, don Allah ya ajiye min a ƙasa. Wataƙila motar Baba na ciki.