Kalmar da ta hana Gwaggo zuwa biki

Makon nan layi ya zo kaina.

A gajeren labarin da nake rubutawa akwai wata bazawara da ta dawo gidan iyayenta a Tungar Daji. Na sa wata tsohuwa ta kira ta kilaki a bakin rijiya, har ina jin daɗin yadda maganar ta zauna. Da na karanta wa Gwaggona, wadda aurenta ya mutu tun ina goye, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗiyata, wagga kalma ita ta hana ni zuwa biki shekara biyu."

Abin ya tsaya mini a rai, sai na shiga bin asalin kalmar. Ashe daga Turanci take, clerk, wato akawun ofis na zamanin Turawa. Shi akawun ya tsira da mutuncinsa da albashinsa, sunan ya koma kan macen bariki.

Turawan ma haka suka yi wa nasu matan. Tsohon zagin nan hussy guntun housewife ne, matar gida, babu aibu a cikinsa da farko, amma kafin ƙarshen shekarun 1600 ya zama sunan mace mara kamun kai. Harlot kuwa, a shekarun 1200 namiji ɗan yawon banza ake nufi da shi. A hankali aka sauke wa maza, aka ɗora wa mata. Kafin mu yi musu dariya mu duba gida. Magajiya sarauta ce mai daraja, ku tambayi Daurawa, amma ita ce kuma muke kiran shugabar gidan karuwai da ita. A ce ɗan iska, kowa ya ji fitinanne. A ce 'yar iska, an gama da yarinya.

Mu da muke Zamfara mun san hukuncin ƙazafi bulala 80 ne. Ni kuwa na bar tsohuwata ta jefa kalmar kyauta, na wuce babi na gaba.

Ban goge ta ba, don ana faɗarta. Shafi biyu na ƙara. Bazawarar ta ɗauki tulunta babu ruwa ta koma gida, manemin da ke zuwa daga Bukkuyum ya ɗauke ƙafa, uwarta ta daina aiken ta kasuwa. Na sake karanta wa Gwaggo. Ta ce in ƙara cewa ƙannenta mata ma sun daɗe ba su samu miji ba.